Wa Ke da Bakin Magana a Gardamar Rubutun Hausa?

Ni malamin makaranta ne. Horon da na samu na koyar da yara ne, kuma aikina a nan Amurka shi ne taimakon babban malami: shi ya yi bayanin ƙa'ida, ni in faɗi magana, ku kuwa ku maimaita. Saboda haka tambayar da zan yi sharhi a kanta ta shafe ni kafin ta shafi kowa. Ga ta: in masana suna gardama a kan wani abu mai zurfi na fanninsu, mutumin da ba shi da takardar shaida a fannin nan yana da ikon sa baki, ko kuwa sai ya ja bakinsa ya yi shiru? Ba sai na tafi nesa neman misali ba. Harshen nan da kuke koyo ya isa, gama tun ran da aka fara rubuta shi da baƙaƙen boko ake wannan gardama, har yau kuwa ba ta mutu ba.

Abin da ya tayar mini da zancen wani taron suna ne a Mitchellville, garin da nake zaune, cikin jihar Maryland, gabas da birnin Washington. An haifa wa wani abokinmu 'ya mace. Wan mahaifinsa, wani dattijo injiniya da ya daɗe a ƙasar nan, shi ya aika wa mutane da saƙon gayyata ta waya, ya rubuta a ciki cewa jaririyar "itace ta fari" a gidan. Na tafi da wata almajirata Ba'amurkiya wadda ta shekara biyu tana koyon Hausa. Da aka ci aka sha, sai ta matsa kusa da dattijon, ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Alhaji, ina da tambaya. Ashe ba a raba ita da ce? An koya mini itace shi ne abin da ake hura wuta da shi." Alhaji ya dube ta ya yi murmushi, ya ce, "'Yata, ni Hausa a nono na sha ta. Ke yaushe kika fara?" Aka yi dariya, yarinya ta koma ta zauna.

Sai wani saurayi da ya yi digiri a kan Hausa a gida ya karɓe, ya ce, "Alhaji, a gafarce ni, yarinyar nan tana da gaskiya. Amma maganar ƙa'idar rubutu ba taku ba ce, ku duka biyu. Ku bar wa waɗanda suka karanta." Alhaji ya ɓata rai, murya ta fara tashi. Kakar jaririyar, wata Hajiya da ta zo daga Maraɗi don ta kula da mai jego, ta leƙo ta ce, "Ɗiyana, ku zamna ku ci abinci, ku bar hayaniya." Saurayin ya karkato wajena, ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Malam, ka ji ko? Wai zamna. Da irin wannan ake ɓata harshe." Ban tanka masa ba, don gidan mutane ne. Amma na lissafa a zuci. Kafin shayi ya huce an rufe wa mutum uku baki: ɗaya don baƙuwa ce, ɗaya don bai yi digiri ba, ɗaya don Hausarta ba ta Kano ba ce. Ba wanda aka amsa wa abin da ya faɗa. Kowa asalinsa aka duba.

Bari in fara da hujjar Alhaji, don ita ce zuciyata ta fi karkata gare ta. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gaskiya ne. Amma ku ji wani labari. J. F. Schön, wani Bajamushe ɗan mishan, yana cikin Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko. Ya buga nahawu a 1862, ya buga ƙamus a 1876, bai kuwa taɓa taka Kano ko Katsina ba. Babban malaminsa wani yaro ne mai suna Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta, aka 'yanta shi, sa'an nan Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Dorugu ya zauna wajen Schön a Ingila, ya ba shi tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, waɗanda suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. To, in kun buɗe waɗannan littattafai ba za ku ga alamar karin sauti ba, ba kuwa za ku ga an tsare bambancin k da ƙ, ko d da ɗ, ko b da ɓ, yadda muke yi yanzu ba. Kunnen Schön bai kama su ba.

Dorugu fa duk kalmar da ta fito daga bakinsa da karinta take fitowa. Ba Bahaushen da zai ce kuka na ido alhali kuka ta miya yake nufi. Amma iya faɗin abu daban, iya nuna wa wani inda abin yake daban. Abin da mutum ya tashi da shi ba ya ganinsa, kamar yadda ba ya jin nauyin harshensa a baki. Sai da aka yi shekaru, waɗansu Turawa masu horarren kunne suka zo. Littafin nahawu na F. W. Taylor na 1923 yana cikin na farko da suka kula da karin sauti, sa'an nan G. P. Bargery ya fito da babban ƙamus ɗinsa a 1934, shafi fiye da 1,200, ya nuna karin kalmomi a ciki. An ce baƙo ko da ido makaho ne. A nan kuwa baƙon ne ya nuna wa mai gida wani lungu na gidansa.

Ni kaina sai da na zama saurayi, ina kwalejin horon malamai, na fara jin cewa Hausa tana da karin sama da na ƙasa da faɗau. Na yi musu ran nan. Sai malaminmu ya rubuta "ya tafi" a allo, ya ce in karanta. Na karanta. Ya ce, "Wanne daga cikin huɗu?" Ashe in ka ja wasalin da karin sama, ka ce mutumin ya riga ya tafi ke nan. In ka gajarta shi da karin sama, shi ne na cikin "jiya ne ya tafi". In ka gajarta shi da karin ƙasa, umurni ne, kamar "ka ce masa ya tafi". In kuwa ka ja shi da faɗau, tafiyar tana gaba, watau "bar shi, ya tafi in ya gaji". Tun ina yaro nake faɗin huɗun nan ban taɓa kuskure ba, ban kuwa san huɗu ne ba.

Saboda haka nonon da Alhaji ya sha ya ba shi iko babba, amma a kan tambaya guda: ana faɗin haka, ko ba a faɗi? A nan ba farfesan da zai ja da shi. Rubutu kuwa ba a shansa a nono. Shiri ne da mutane suka zauna suka yi, kowa koyonsa yake yi, da ɗan gida da baƙo. A kan ita ce da itace, yarinyar da ta shekara biyu ta fi dattijon da ya shekara sittin gaskiya, ba don kome ba sai don ita ta karanta ƙa'idar, shi bai karanta ba. Haka nasa da na sa, haka kuma da ku ma.

To, sai saurayi mai digiri. Shi laifinsa ya fi nauyi, domin da ya riƙe karatun da yake taƙama da shi da bai ce Hajiya tana ɓata harshe ba. Wajen 1928 wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana wata ƙa'ida da har yau ake kira da sunansa. Ya nuna waɗansu baƙaƙe, in suka zo ƙarshen gaɓa, sun narke sun koma u. Shi ya sa muke cewa talaka amma talauci, muke cewa ɓauna amma jam'inta ɓakane, buzu amma bugaje. Baƙaƙen leɓe irin su b da m kuwa a Hausar Kano suka narke, a ta yamma suka tsaya. Bakano ya ce sauka, Basakkwace ya ce sabka. Bakano ya ce zauna, mutumin Maraɗi ya ce zamna. Watau abin da ke bakin Hajiya shi ne tsohon, namu ne ya sake. Ilmin da aka ɗauko don a rufe mata baki, in an bi shi har ƙarshe, bayanta yake goyo.

Ba ita kaɗai ba ce mai ilmin da ba takarda. Makaɗan kalangu sun daɗe suna matse tsarkiya suna sassautawa don ganga ta bi hawa da saukar murya, har mahauci ya ji kirarinsa daga nesa ya gane. Karin sautin da ya gagari kunnen Schön yana hammatar makaɗi tun tuni. Malaman ajami kuma, da suka ari baƙaƙen Larabci, sun samu hanyar nuna dogon wasali da alif da wau da ya, har mai karatu ya iya raba gari na mutane da gari na tuwo, abin da bokonmu na yau ba ya yi. Marubuta waƙa su ma awon baitinsu a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya. Sa'ad da Joseph Greenberg, masanin harsuna Ba'amurke wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano, ya rubuta bayanin ma'aunin waƙar Hausa a 1949, abin da malaman zaure suka daɗe suna aiki da shi ya tsara. Tsarawar aiki ne mai daraja, ban rage masa kome ba. Amma da an ce wa malaman nan su yi shiru sai mai digiri ya zo, da ba a sami abin tsarawa ba.

Ku dubi kuma yadda daidaitacciyar Hausa ta kafu. Hans Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. A littattafan farko ana nuna ɓ da ɗ da ƙ da ɗigo a ƙasa ko da waƙafi a gefe, sai a shekarun 1930 baƙaƙe masu lanƙwasa suka shigo, lokacin R. M. East yana shugabancin Hukumar Talifi a Zariya. Wannan duk shiri ne na ofis. Abin da ya sa shirin ya kama ƙasa shi ne Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, editanta kuwa Malam Abubakar Imam, Allah Ya jiƙansa. Imam malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina. Da Ruwan Bagaja ya shiga gasar 1933, sa'an nan ya rubuta Magana Jari Ce. Ba shi da digiri a ilmin harsuna. Da ma'aunin saurayin nan, da sai a ce masa ya bar wa waɗanda suka karanta. Ga shi kuwa yau duk mai neman digiri a Hausa sai ya bi ta kan littattafansa.

Akwai wani abu da nake so ku riƙa dubawa in kun ɗauki ƙamus ko nahawu, watau shafin farko inda ake rubuta sunaye. Ƙamus na R. C. Abraham, wanda ba ni da abokin aiki kamarsa wajen yawan misalai, bugunsa na farko da suna biyu ya fito, na Abraham da na Malam Mai Kano. Bugu na biyu na 1962, wanda ya fi yawa a ɗakunan karatu, da sunan Abraham kaɗai aka san shi. Dubban jimlolin nan masu daɗi da kuke kwafa, daga bakin mutane suka fito. A nan kusa da mu kuma, a 1963, makarantar koyon harsuna ta Ma'aikatar Harkokin Waje ta Amurka ta buga Hausa Basic Course, da sunan Carleton Hodge da na Ibrahim Umaru tare. Littafin ya tsufa, darussansa na maimaitawa suna da gajiyarwa, amma shafinsa na farko ya faɗi gaskiyar yadda ake irin wannan aiki. In an shafe sunan mai ba da magana, sai na baya su zaci masani shi kaɗai ya zauna a ɗaki ilmi ya sauko masa, daga nan kuma sai a sami masu cewa a bar wa waɗanda suka karanta.

Kada ku ɗauka ina rena masana. Akwai wurin da in ban da su da har yanzu muna lalube. A 1960 F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya raba aikatau na Hausa aji bakwai, waɗanda ake kira giredi, bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. Daga saiwa guda sai ka sami saya, da saye, da sayar, da sayo, da sayu, kowanne da ma'anarsa. Shi ya bayyana mini dalilin da nake cewa na saya, amma na sayi doki, amma na saye shi. Da almajiri ya tambaye ni wannan kafin in karanta Parsons, da abin da zan ce masa kawai shi ne, "Haka ake faɗi." Paul Newman ya zo ya yi gyara a tsarin, ya kawo nasa ra'ayi a kan asalin azuzuwan, har ya tara kome a babban nahawunsa na shekarar 2000. In shi da wani masani suna jayayya a kan yadda aikatau yake a tsohuwar Hausa, da yadda ya dangantu da sauran harsunan Chadi, ni sauraro nake yi. Ba wanda ya hana ni magana. Ba ni da abin sawa ne, domin ban san Bolanci ko Ngizimanci ba, gardamar kuwa da su ake yinta. Amma in ɗayansu ya kafa hujja da wata jimla, ni kuwa na ji ba a faɗinta haka a garinmu, sai in ɗaga hannu, kuma masanin kirki murna yake yi.

Wurin da abin ya fi rikicewa shi ne inda tambaya biyu suka shiga riga ɗaya. A 1955 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Hukumar Harshen Hausa don daidaita rubutu da tace kalmomin aro. A 1966 kuma UNESCO ta tara masana a Bamako don su shirya baƙaƙen rubuta waɗansu manyan harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Bayan taron nan Nijar ta bi hanyar rubuta dogon wasali da harafi biyu, Nijeriya kuwa ta tsaya a kan abin da ta saba. Aka wayi gari harshe ɗaya, rubutu biyu, yaron Maraɗi da yaron Katsina, tafiyar 'yan sa'o'i tsakaninsu, kowa da irin littafinsa. Sai a 1980 aka zauna a Yamai aka daidaita, akasari bisa hanyar Nijeriya. Har yanzu da ɗan saura: mu mu rubuta 'ya'ya da waƙafi, su su rubuta da y mai lanƙwasa.

Masu son harafi biyu sun yi kuskure ne? A kan sauti, ko kaɗan. Tsawon wasali yana raba ma'ana a Hausa, wannan ba gardama. Amma "akwai dogon wasali?" tambaya ce guda, "a rubuta shi?" tambaya ce dabam. Ta farko ta masanin sauti ce. Ta biyu kuwa akwai mai haɗa baƙaƙe a maɗaba'a a cikinta, akwai malamin yaƙi da jahilci, akwai editan jarida, akwai dattijon da ya koyi karatu da Gaskiya wanda ba zai sake koyo ba, akwai littattafan shekara talatin da ke cikin akwatunan makarantu. Masanin sauti bai fi waɗannan sanin tsadar takarda ko haƙurin yaro ɗan shekara shida ba. A ganina yawancin faɗan da ake yi a kan wa ya isa ya yi magana daga nan yake tasowa. Masani ya amsa tambayarsa daidai, sa'an nan ya zarce ya yanke hukunci a kan ta wasu da murya guda. Ko kuwa wanda ba masani ba ya ga yana da gaskiya a kan ta biyu, sai ya ɗauka ta farkon ma ra'ayi ce kawai.

Wani zai ce, ai harshe ne, kuskuren rubutu bai taɓa kashe kowa ba, in maganar magani ce fa? To, ba nisa da nan, a Bethesda, akwai manyan cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka. Ran 21 ga Mayu, 1990, 'yan ƙungiyar ACT UP wajen dubu suka taru a can suna ƙorafi a kan yadda ake gwajin magungunan ƙanjamau. Yawancinsu ba likitoci ba ne, masu ciwon ne da abokansu. Daga baya aka ba wakilan marasa lafiya kujeru a kwamitocin da ke shirya gwaje-gwajen. Amma abin da ake mantawa shi ne waɗansunsu sun zauna sun karanta mujallun likitoci, sun koyi yadda ake lissafin gwaji, har suka iya zama da masu binciken su yi magana da harshensu. Ihu ya buɗe musu ƙofa, karatu ya zaunar da su a ciki. Sun kuma zo da abin da likita ba shi da shi, watau sanin irin sharaɗin da marar lafiya zai iya jurewa da wanda zai sa ya gudu daga gwajin.

Harry Collins, wani malamin ilmin zaman jama'a a Jami'ar Cardiff, ya yi shekaru da yawa yana cuɗanya da masanan da ke neman wata girgiza mai ratsa sararin samaniya in manyan taurari sun yi karo. Bai iya aikinsu ba, amma ya iya maganarsu, har aka gwada shi da tambayoyi, alƙalai masana suka kasa raba amsarsa da ta ɗan fannin. A littafin da suka rubuta da Robert Evans a 2007 sun raba gwanin da ke iya yin aiki da gwanin da ke iya tattauna aikin. Da na karanta sai na ga kaina. Ba zan iya rubuta nahawu ba, amma na zauna da masu rubutawa har na san inda gardamarsu take. Wannan kuwa ba a samunsa da karatun dare ɗaya a intanet. Collins shekaru ya ba shi.

Ku almajiran Hausa, ku ne kuka fi kowa shiga wannan hali, don kowane gefe yana da sandan da zai kore ku da shi. Shawarata ku yi yadda yarinyar nan ta yi. Ta san abin da aka riga aka yanke kafin ta buɗe baki. Ta kawo abu guda ƙarami wanda kowa zai iya dubawa. Ta kuma sa shi a siffar tambaya, ta gaida babba kafin ta yi. Da ta ce wa Alhaji yadda yake furta kalmar ne ba daidai ba, da ta wuce gonarta, da ni ma na tsawata mata. Kuma in Bahaushe ya ce muku ba a faɗin abu, ko da kun gan shi a Bargery, ku karɓa tukuna, sa'an nan ku tambaye shi mutumin ina ne. Ƙamus ɗin ya haura shekara 90, kuma ƙasar Hausa tana da faɗi.

Tun da na ce wanda ba masani ba yana iya sa baki in ya san gonarsa, bari in sa nawa a kan abin da na sani, watau aji. Ban goyi bayan a cika jarida da alamun kari ba, gama babba yana gane ma'ana daga abin da ke gaba da baya. Amma na koyar da 'yan aji ɗaya, na ga yadda yaro yake tsayawa a kan "ya tafi", ya karanta, ya kai ƙarshen jimla, ya ga bai dace ba, ya komo. Da za a nuna tsawon wasali a wakilin suna kaɗai, a littattafan shekara biyu na farko, ina zaton da an rage masa wahala. Zato ne, kuma na san yadda za a gwada shi: aji biyu, littafi iri biyu, a auna a ƙarshen shekara. In masana suka gwada suka ga ba haka ba ne, na janye. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a sake zama irin na Bamako ko na Yamai ba tare da malamar aji ɗaya a ɗakin ba. Yanzu ma da yawancin Hausar da ake rubutawa a waya ake rubuta ta, inda ƙ da ɗ da ɓ suke ɓuya sai mai naci ya nemo su, ya kamata a kira mai shirya allon baƙaƙen waya shi ma, ko da bai san giredi ko ɗaya ba.

Bayan kwana biyu da sunan, almajirata ta koma gidan da rikoda, ta roƙi Hajiya ta ba ta labarin yadda ake suna a Maraɗi. Hajiya ta ce, "To, ɗiyata, zamna." Ta zauna, suka yi sa'a guda. Da ta kawo mini abin da ta rubuta, duk inda Hajiya ta ce hita ta gyara ta sa fita, sai na sa ta mayar. Alhaji kuwa bai ce kome ba, amma da watan azumi ya kama ya aiko da saƙon gayyatar buɗa baki. Na duba, ya raba ita da ce sarai. Sai dai ya zarce, duk inda kuma ta zo ya raba ta biyu. Na nuna wa yarinyar, na ce ko za ta gaya masa. Ta ce a'a, wannan karon Malam ne zai je.